Duba-Bango a Gidan Auta

Mai gyaran famfo ne, kuma duk unguwar babu wanda zai ce maka bai iya aikinsa ba. Abin da za a ce maka kawai shi ne, kada ka bari ya zauna a falonka. In ya zo aiki, nuna masa inda ake yoyo, ka tsaya a kansa har ya gama, ka raka shi bakin ƙofa da godiya. In kuwa tsautsayi ya sa ka ce ya zauna ya sha ruwa, to ka jawo wa kanka. Kana gaishe shi idonsa na kan kusurwar bango, kuma kafin ya ajiye kofin zai gaya maka abin da ke ruɓewa a ƙarƙashin gidanka. Nan sunan Duba-bango ya samo asali. Yaran layi suka fara, iyayensu suka ɗauka, har aka kai matarsa ma da shi take kiransa in ya ɓata mata rai.

Abin da yake dubawa a bangon kuwa ƙudaje ne. Ba manyan nan da ke addabar mahauta ba, 'yan mitsi-mitsin nan masu bin laima, waɗanda yawancin mutane ba su ma san iri-iri ne ba. A wajen kowa ƙuda ƙuda ne, in ya dame ka ka fesa masa magani. A wajensa kowanne da gidansu, da kuma abin da ya kawo shi.

Ya fara lura da su ne tun yana sabon hannu a sana'ar. An kira shi wani gidan burodi da wari ya hana ma'aikata sakat, an rasa daga inda yake tasowa. Ya fasa daɓe a nan, babu komai. Ya fasa a can, ƙasa busasshiya. Mai gidan burodin na tsaye, hannu a ƙugu, yana kallon daɓensa na komawa tsakuwa, da ma zagi ya yi da ya fi sauƙi. Da rana ta take, mai gyaran ya zauna a kan ɓaraguzai yana tunanin ta inda zai sulale, sai ya ga wasu 'yan ƙudaje na fitowa ɗaya bayan ɗaya daga wata siririyar tsaga a gindin bangon da ko kallonsa bai yi ba. Ba sa tashi sama. Gudu suke a ƙasa, su tsaya cak, su sake zabura. Ya fasa wurin don dai ba shi da sauran dabara, sai ga bututun masai a karye, ƙasar da ke kewaye da shi ta yi baƙi ƙirin ta jiƙe sharkaf. Tun daga ranar bai ƙara ɗaga guduma a gidan mutum ba sai ya fara ganawa da ƙudajen gidan.

Da yake ba wanda ya koya masa, shi ya raɗa musu suna da kansa. Ya sayi ɗan gilashin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido, a wajen wani tsoho da ya rufe shago, yana yawo da shi a aljihun gaba. Akwai Mai-bargo, jikinsa gashi-gashi, fukafukansa masu faɗi kamar ɗan ganye. Rago ne na gaske, yini yake manne a bangon banɗaki, in ka taɓa shi ya yi ɗan tsalle ya sauka nan kusa. Shi ba abin tashin hankali ba ne, dauɗa ce ta yi kauri a maƙogwaron magudana, buroshi da tafasasshen ruwa sun gama da shi. Akwai Jan-ido, wanda in ka gan shi ka san ayaba ko albasa ta faɗa bayan kabad ta ruɓe. Wannan aikin tsintsiya ne, kuma Duba-bango ba ya jin nauyin gaya wa matar gida haka. Akwai Ɗan-sauro, baƙi siriri mai dogayen ƙafafu, ba ya cizo, jiƙaƙƙiyar ƙasa yake so ko katakon da ruwa ke ɗiga a kansa a ɓoye.

Sai kuma wanda ya fara haɗuwa da shi a gidan burodi. Shi ya sa wa suna Ɗan-doro, saboda bayansa a tanƙware yake in ka dube shi ta gefe. Ɗan-doro a gefen kwandon shara ba labari ba ne. Amma Ɗan-doro a ɗaki mai tsabta, busasshe, wanda ba famfo ba magudana a cikinsa, to ruwa ba ya tsami banza. In ya ga haka sai ya nemi tsagar da suke fitowa, ya shafa wa kofin gilashi mai a ciki ya kife a kai, ya dawo washegari. In ya tarar da su manne a jikin kofin, ya san a ƙasa suke ƙyanƙyashewa, ya kuma san abin da suke ci a can. Nan zai fasa, kuma ba kasafai yake fasa wuri biyu ba.

Da a wajen aiki abin ya tsaya, da babu mai kuka da shi. Matsalar ita ce idon ba ya tashi daga aiki, bakin kuma ba shi da linzami. Ya je aski, kansa rabi a aske, ya gaya wa mai askin a gaban layin mutane cewa kwanon da yake wanke wa mutane kai ya cika da dauɗa, ga Mai-bargo nan shaida. Sai a wani shagon aka ƙarasa masa askin. Ya je gaisuwar rasuwa gidan wani abokinsa na ƙuruciya, ana zaune jugum-jugum, ya sunkuya ya raɗa wa mai makokin cewa in an kwana biyu a duba ƙarƙashin ɗakin nan. Raɗar tasa kuwa ta mutumin da ya saba magana a kan ƙarar guduma ce, har na bakin ƙofa sun ji. Abokin ya sa wani ya gyara bututun, bai kuma ƙara nemansa ba.

Shi har ga Allah bai ga laifinsa ba. Cewa yake gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In aka ce masa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai ya ce wanda ya yi karin maganar nan bai taɓa gyaran famfo ba, don da masu ɗaki sun sani da shi bai samu na abinci ba. Matarsa, wadda ta fi kowa shan kunyar abin, tun tana faɗa har ta koma addu'a. 'Ya'yansu maza suka girma suka watse, kowa ya kama sana'ar da ba ta haɗa shi da bututu ba. Aka bar su da 'yar autarsu, wadda kowa ke kira Auta. Ita kaɗai ce a gidan ke iya tsokanarsa ya yi dariya.

A kan Auta ne halin nasa ya fi cutar da shi. Wanda ya nemi aurenta mai shagon sayar da tayoyin mota ne, yaro mai ladabi, maraya, a hannun wansa ya tashi. Wan nasa magini ne, mutum mai faɗin ƙirji da son a yaba aikinsa, ƙanen kuma ba ya ƙetare maganarsa. Ranar da dangin biyu suka yi zaman farko kan maganar auren, a gidan maginin aka yi, cikin sabon falon da ya gama shimfiɗa wa tayil. Ana cikin gaishe-gaishe Duba-bango ya miƙe, ya je wajen ɗan kwanon wanke hannu da ke kusurwa, ya ciro gilashinsa ya maƙala a ido. Ya juyo ya tambaya wane ne ya haɗa bututun nan, domin ko wane ne bai ba shi gangara ba, ruwa kwanciya yake a ciki.

Maginin ya ce shi ne.

Aure dai an yi shi, don yaran na son juna. Amma magini bai manta ba. Da mijin Auta ya tashi gina nasa gidan, wan ne ya yi komai, tun daga tushe har rufi, har da bututu. Duba-bango a bakin mai sayar da kayan famfo ya ji labarin. Yana tsaye yana zaɓen gam, mutumin ya ce masa ashe surukinka gini yake, jiya suka ɗebi kaya. Ya ce e, ya sani. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya haɗiye bai gaya wa kowa ba.

Auta da mijinta suka tare. Matar Duba-bango ta je, ta sake zuwa, ta dawo tana ba da labarin labule da kujeru. Shi ba wanda ya hana shi zuwa, ba kuma wanda ya ce ya zo, mutum kuwa ba ya kai kansa gidan suruki haka kawai. Auta ta haihu, mace. Takan kawo masa jikar ya ɗauka, yana kiranta amaryarsa, yamma ta yi a ɗauke ta a tafi. Abin da yake so ba mai yawa ba ne. So yake ya zama irin tsofaffin nan da ke biyawa gidan 'yarsu ba tare da an yi shiri ba, a ce Baba ne, a buɗe, jika ta rarrafo ta kama masa ƙafar wando. Yana ganin sa'o'insa na yi, waɗansunsu ma ba su kai shi kirki ba.

Sai da yarinyar ta fara rarrafe, rannan Auta ta zo, tana gyara goyo za ta tafi, ta ce ba tare da ta kalle shi ba, "Baba, ranar hutu ka zo ka ga ɗakina mana. Ko sai na aiko da mota?"

Ya ce zai duba ko yana da aiki. Ba shi da wani aiki, kuma ko yana da shi da ya ɗaga.

Da ranar ta zo ya sa rigarsa mai kyau, matarsa ta tare shi a ƙofar ɗaki ta miƙo hannu.

"Kawo."

"Me zan kawo?"

"Abin da ke aljihunka, Malam. Kada ka mayar da ni yarinya."

Ya ciro gilashin ya ba ta. Ta jefa shi cikin kwanon da take ajiye allura da zare.

"Yanzu saura bakin," in ji ta. "Shi ba zan iya cirewa in ajiye ba, sai dai ka yi min alkawari. Ko giwa ka gani tana fitowa daga bango, ka ce gida ya yi kyau. Yarinyar nan da kanta ta buɗe maka ƙofa. In ka rufe ta da bakinka wallahi ba mai sake buɗe maka, kuma ita za ka bari da jin kunya a gaban mutane."

"To in na ga abin da zai cuce su fa?"

"Ba don abinci kaɗai aka yi ciki ba. Suna da magini a gidan, ba su ɗauke ka aiki ba. Baƙo aka gayyata."

Ya yi alkawarin. Ta ce ya maimaita, ya maimaita.

Gidan ƙarami ne mai kyau. Surukin ya tarbe su tun daga bakin titi, ya karɓi ledar da ke hannunsa. Maginin ma yana nan, ya zo ne da gangan, yana zaune a babbar kujera yana kaɗa ƙafa. Aka gaisa, irin gaisuwar da kowa ke lura da inda yake takawa. Duba-bango ya kafa idonsa a kan talabijin, ko da yake a kashe take, don nan ne kawai ya tabbata ba zai ga komai ba.

Bayan an ci abinci Auta ta leƙo ta ce, "Baba, falon nan zafi. Zo ka zauna ɗakin amaryarka, ya fi iska, ta ma tashi daga barci."

Ɗakin yarinyar ɗan ƙarami ne a tsakiyar gidan. Ga gadonta, ga kabad na kaya a jikin bango ɗaya, ga taga a ɗaya bangon, ga shimfiɗa a ƙasa da kayan wasa. Tsaf-tsaf, har tayil na ɗaukar ido, sai ƙamshin turaren fesawa da aka ɗan yi wa yawa. Auta ta jawo kujera ta ajiye masa, ta kawo shayi, ta dire masa yarinyar a gabansa, ta ce tana zuwa. Ta daɗe ba ta dawo ba.

Ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan kam a shaide shi. Ya kalli jikarsa, ya kalli shayinsa, ya kalli silin. Yarinyar ce ta rarrafa wajen taga, idonsa ya bi ta, sai ga wani abu ɗan mitsitsi ya zabura a kan farin tayil, ya tsaya cak, ya sake zabura. Bai buƙaci gilashi ba. Ga wani a bayansa. Ga kuma wani yana fitowa daga inda tayil ya haɗu da bango a ƙarƙashin tagar, ta wata tsaga da ba ta fi zare kauri ba. Ya ɗauke yarinyar ya ɗora a cinya. Kansa kuwa ya riga ya kama aiki ba da izininsa ba. Banɗaki na wancan gefen, murfin ramin masai ya gan shi a tsakar gida lokacin da suke shigowa, hanya mafi kusa tsakaninsu kuma ta ƙarƙashin ɗakin nan ta bi. Ya ja numfashi a hankali, ya ji abin da turaren ke dannewa. A yadda ya ƙiyasta, 'yan tayil kaɗan za a ɗaga, a canja guntun bututu a mayar, kafin yamma an gama.

Auta ta dawo da faranti a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ya ka ga ɗakin?"

Bakinsa take kallo. Ya tuna falon magini. Ya ga yarinya tsaye tsakanin ubanta da gidan mijinta, tana jiran ta ga ko zai sake kunyata ta. Tausayinta ya kama shi.

"Ɗaki ya yi kyau, Auta."

"Ka duba sosai kuwa?" ta ce da 'yar dariya.

"Na duba. Allah ya sa albarka."

Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta ɗauki kofin shayin ta fita.

Kafin su tafi maginin ya zagaya da shi gidan ɗaki-ɗaki, yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa. A ƙarshe ya tsaya ya ce, "To Baba, ku ne manya a harkar. Ya kuka ga aikin namu?" Surukin ya yi tsuru-tsuru. Matar Duba-bango ta dafe ƙirji daga inda take. Ya ce aiki ya yi, hannu ya ƙware. Maginin ya fashe da dariya, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce abin da ya wuce ya wuce, kuma shi da kansa ya mayar da su gida a motarsa.

Duba-bango ya sami abin da yake so, har da ƙari. Ya zama yana biyawa gidan duk ranar hutu, wani lokaci ma tsakiyar mako in aiki ya kai shi wajen. Aka san kujerarsa a falo, aka san yadda yake son shayinsa. Yarinyar ta fara tafiya, ta fara kiransa da wani suna da ba wanda ya gane sai shi. Surukin ya saki jiki, yana ba shi labarin tayoyi da masu sayensu. Matarsa ta mayar masa da gilashinsa, tana gaya wa 'yan'uwanta a waya cewa masu cewa hali zanen dutse ne ba su san Malam ba. Daɗi ya ji, babu amfanin a ɓoye. Bai taɓa sanin haka mutane ke ji ba in sun shiga gida an yi murna da zuwansu.

Ɗakin yarinyar dai bai ƙara shiga ba. In an ce ya shiga sai ya ce gwiwa na damunsa, a kawo masa ita falo. Yakan gaya wa kansa wataƙila ɓera ne ya mutu a wani lungu, tunda ranar ba gilashi a hannunsa, kofi ma bai kifa ba, mutum kuma ba ya yanke hukunci da ido kawai. Ko sau ɗaya bai yarda da wannan maganar ba, amma takan raka shi har gida. Da yarinyar ta kama tari, a sha magani ya lafa ya dawo, shi da ya san abin da laima ke yi wa ƙirjin yaro sai ya sayo mata rigar sanyi. Rannan ya gwada bi ta gefe, ya ce wa Auta ƙaramar yarinya ai gara ta riƙa kwana kusa da uwarta. Ta dube shi ta ce to. Ya lura ta rage tsokanarsa, ta rage zama in ya zo, kullum tana da abin yi a kicin. Ya ce hidimar gida ce, mace mai ƙaramin yaro ba ta da lokacin hira.

Damina ta sauka ta yi nisa. Wata safiya yana shirin fita surukin ya kira shi a waya.

"Baba, don Allah ku zo. Ku taho da kayan aiki."

Kabad ɗin ɗakin yarinyar ne ya karkata, ƙafarsa ɗaya ta nutse cikin tayil. Allah ya taƙaita, Auta ta daɗe da daina kwantar da yarinyar a ɗakin. Bango ya tsage daga ƙasa har sama, tsagar da hannu zai shiga, wari ya cika gidan. Maginin na tsaye a tsakar ɗakin, ya rasa inda zai sa hannunsa.

Duba-bango bai tambayi kowa komai ba. Ya ajiye jakarsa, ya wuce inda kabad ya nutse bai tsaya ba, ya je ƙarƙashin taga ya ɗaga guduma. Bugu kaɗan tayil ya rufta da kansa, don babu komai a ƙarƙashinsa. Ga bututun nan, ya rabu a mahaɗa. Ruwan masai ya daɗe yana zuba yana cin ƙasa, ruwan sama ya zo ya ƙarasa. Rami ne guda a ƙarƙashin ɗakin, tushen bangon a rataye babu abin da ya tokare shi.

Maginin ya durƙusa ya leƙa da fitilar waya, ya daɗe kafin ya ɗago. Mutum ne mai son yabo amma ya san gini, bai kuma nemi wanda zai ɗora wa ba. Ya ce mahaɗar nan shi ya yi ta. Bangon kuma ba ya gyaruwa, sai an sauke shi, shi da rabin rufin, don haka su kwashe kaya su koma gidansa har a gama. "Da an gani da wuri," in ji shi, "da ba a kai nan ba."

Duba-bango ya toshe bututun, ya yi abin da za a iya yi a ranar, ya fito tsakar gida hannuwansa baƙi har gwiwa. An rufe ruwan gidan, don haka Auta ce ta zo da buta da sabulu. Ya sunkuya, ta fara zuba masa. Daga ciki ana jin maza na ciccibar kujeru.

"Baba," ta ce a hankali, "yau ba ka duba ba."

Ya ci gaba da murza sabulu.

"Ba ka ciro gilashi ba, ba ka nemi tsaga ba. Ga inda ya rufta, ka wuce shi ka tafi ƙarƙashin taga. Ka gan su ranar ko?"

"Na gan su."

"Ni ma na gan su, tun kafin in ce ka zo. A gidanka na tashi fa, Baba, ko da ido ɗaya na san Ɗan-doro." Ta gyara riƙon butar. "Na gaya wa mijina, ya yi dariya ya ce jinin Baba ne ya motsa. Na sake faɗa, ya ce in rufa masa asiri kada Yaya ya ji, mutumin da ya bar aikinsa ya gina mana gida da hannunsa. In zo in gaya maka kuma, na kai ƙarar mijina da wansa gidanmu ke nan. Sai na ce bari in kawo Baba in zaunar da shi a gaban abin. Shi ba sai an tambaye shi ba. In ya faɗa kowa ya san halinsa, a yi fushi kwana biyu, a fasa a gyara. Da ka ce ɗaki ya yi kyau kuwa, shi ke nan bakina ya mutu. Ko na motsa sai ya ce ai Baba da kansa ya duba."

Ya buɗe baki zai yi maganar alkawari, sai ya ga ba zai iya ɗora wa matarsa ba. Ita shirun yini ɗaya ta roƙa, sauran watannin shi ya ƙara da kansa, kuma ya san abin da ya sa ya ƙara.

"Na ga kina kallon bakina ranar," ya ce. "Na zaci tsoro kike ji."

"Jira nake."

Ta karkata butar ta zuba masa sauran.

"Babu gidan da ka taɓa shiga ka ga abu ka yi shiru, Baba. Sai nawa."

Ruwan butar ya ƙare, sabulu bai gama fita daga hannunsa ba. Ta juya ta shiga ciki. Ya tsaya a sunkuye, hannuwa a miƙe, bai sani ba ko ruwa ta tafi ƙarowa.